Yaro Mai Neman Na Kansa a Amurka: Yaushe Haraji Ke Hawa Kansa?

Da zarar an rufe makarantu a watan Yuni, matasa a Amurka kan bazama neman na kansu. A unguwar Bronx ta birnin New York, inda 'yan'uwanmu da yawa daga Gana da Nijar da Najeriya suke zaune, za ka tarar da ɗan shekara 16 yana jera kaya a kanti, wata kuma tana yi wa mata kitso a gida. Abin yabo ne. Sai dai iyaye da dama sun ɗauka cewa tunda yaro yana ƙarƙashinsu, babu ruwansa da haraji. Wannan kuskure ne, domin hukumar tara haraji ta ƙasar, IRS, ba shekarun yaro take dubawa ba. Yawan kuɗin da kuma hanyar shigowarsu take dubawa.

A dokar, uba ko uwa na iya rubuta yaro cikin waɗanda suke ɗauke da nauyinsu idan bai kai shekara 19 ba, ko 24 in ɗalibi ne na cikakken lokaci, muddin ya zauna tare da su fiye da rabin shekara, kuma bai ɗauki fiye da rabin nauyin kansa ba. Amma wannan bai ɗauke masa cika takardar harajinsa ba idan ya haye ɗaya daga iyakoki uku. Za mu kawo alkaluman shekarar 2024, tare da tunatarwa cewa na farko da na biyu sukan sauya daga shekara zuwa shekara.

Ta farko, albashi: in ya haura dala 14,600, cika takarda ya wajaba. Ta biyu, kuɗin da ba gumi ya kawo ba, kamar ribar hannun jari da kuɗin ruwan banki: iyakarsu dala 1,300 ce kacal. Abin da ya ɗara dala 2,600 daga irin wannan kuɗi kuwa, da ma'aunin iyaye ake yanke masa haraji, dokar da aka kafa a 1986 don hana masu hali ɓoye dukiya da sunan 'ya'yansu. Ta uku ita ce ta fi kama mutanenmu: sana'ar kai. Duk wanda ribarsa, bayan cire abin da ya kashe, ta kai dala 400, dole ya cika, ya kuma biya kashi 15.3 cikin ɗari na asusun fansho da lafiyar tsofaffi.

Mu ɗauki misalin gida ɗaya. Yaya ya sami dala 6,000 a kanti, ƙanwa ta sami ribar dala 900 a kitso. A ido, yayan ne mai kuɗi. A doka kuwa, ƙanwar ce takarda ta wajaba a kanta. Duk da haka muna ba yayan shawara ya cika tasa. Mai kanti zai ba shi takardar W-2 a ƙarshen Janairu, mai nuna abin da aka riƙa cirewa daga albashinsa. In an cire masa harajin tarayya, za a mayar masa da shi, amma sai ya nema, kuma bayan shekara uku haƙƙin ya faɗi. Guminsa ne, bai kamata sakaci ya cinye shi ba.

Akwai tuntuɓe guda da ya kamata a kiyaye. A takardar 1040 akwai gurbin da yaro zai nuna cewa wani ne ke ɗauke da nauyinsa. In ya tsallake shi, ya kuma riga iyayensa aikawa, na'ura na iya ƙin karɓar tasu, rangwamen da suke jira ya yi ta jinkiri. Saboda haka a zauna tare a cika, kafin 15 ga Afrilu. Yaron da bai iya cikawa da kansa ba, doka ta ɗora wa iyaye ko waliyyinsa su cika, su sa hannu a madadinsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A mazhabar Malikiyya zakka tana hawa dukiyar ƙaramin yaro idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo mata, waliyyi ne ke fitarwa. Haraji daban, zakka daban, biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya. Amma dukansu suna buƙatar lissafi na gaskiya. Mu saya wa yaro littafi ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita tun daga kwabonsa na farko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ciyar da su halal.