Shuka Mai Ƙamshin Lemun Tsami Ba Ta Korar Sauro

Idan ka taɓa ziyartar 'yan'uwa a zangon Nima ko Maamobi a birnin Accra na Ghana, ka ga yadda gidaje suke a matse. Mai son shuka sai dai ya yi ta a gwangwani ko tsohon bokiti. Akwai wata shuka da ta dace da irin wannan wuri, ta kuma dace da gidanka na ƙauye. Sunanta jeraniyam, asalinta daga Afirka ta Kudu. In ka murza ganyenta sai ka ji ƙamshin lemun tsami.

Yadda Za Ka Shuka Ta

Ka yanko reshe mai tsawon yatsa, ka cire ganyen ƙasa. Ka huda gindin gwangwani, ka zuba ƙasa gauraye da yashi, ka dasa. Cikin mako 3 zuwa 4 zai yi saiwa. Ka ajiye ta inda hantsi ke samunta, ban da zafin azahar. Kada ka ba ta ruwa sai ka taɓa ƙasar ka ji ta bushe, domin yawan ruwa yana ruɓar da saiwa. Da damina ka matsar da ita ƙarƙashin rumfa. In ta yi tsawo, ka tsinke kanta don ta yi rassa.

Amma Ka Lura

Wasu suna sayar da ita da sunan maganin sauro. A wani bincike da aka wallafa a 1996, masana a Jami'ar Guelph ta Kanada sun gwada irinta, suka tarar sauro yana cizon mutum ko da shukar tana kusa da shi. Ƙamshin yana cikin ganye, ba ya cika ɗaki. Kuma ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin gwangwani, nan sauro ke yin ƙwai. Ka riƙa zubar da shi.

Abin da ke kare iyalinka shi ne gidan sauro mai magani, kowane dare, musamman ga mai ciki da ƙananan yara. In yaro ya yi zazzaɓi, kada ka tsaya dafa ganye. Ka kai shi asibiti a ranar, a gwada jininsa. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ka shuka ta don ƙamshi, ka kwana cikin gidan sauro don lafiya. Rigakafi ya fi magani.