Ingilishi a gida, tsakanin magariba da isha'i

A Nijar yawancin yaranmu ba su haɗuwa da Ingilishi sai sun shiga koleji, bayan shekara 6 ta firamare cikin Faransanci. Shekara 4 bayan nan jarrabawar BEPC na jiransu, ga kuma mai neman karatu ko fatauci a Katsina da Kano, inda takardun hukuma da Ingilishi ake rubuta su.

Babban tarkon shi ne kalmomi masu kama da juna. Yaro ya ga "library" ya zaci "librairie" ce, shagon sayar da littattafai, alhali ɗakin karatu ake nufi. Wani lokaci ma Hausa ta fi yi masa jagora: muna cewa "farin gida", sifa kafin suna, kamar "white house", Bafaranshe kuwa "maison blanche" yake cewa.

Mu da muka yi karatun allo mun san amfanin bita da murya a fili. Uba ko uwa, ko ba su jin kalma ɗaya, su zaunar da yaro bayan magariba ya karanta sakin layi guda, ya rufe littafin, ya ba da labarin da Hausa. In ya kama inda-inda, bai fahimta ba, sai ya sake buɗewa.