Ninki Goma Sha Huɗu: Yadda Ake Karanta Ma'aunin Rinjaye

A watan Satumba na shekarar 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka buga sakamakon binciken da suka gudanar a asibitoci 20 na birnin Landan. Sun yi hira da maza 649 masu fama da sankarar huhu, da kuma wasu maza 649 da ke jinyar cututtuka dabam. Daga cikin masu sankara, 647 mashaya taba ne, mutum 2 kacal ne ba su sha. A ɗaya rukunin kuwa 622 mashaya ne, 27 ba su sha.

A kallon farko bambancin bai taka kara ya karya ba: kashi 99.7 bisa ɗari a nan, kashi 95.8 a can. Ma'aunin rinjaye shi ne ke fito da abin da ya ɓuya.

Shi dai rinjaye dabam yake da haɗari. Alal misali, idan a ƙauye mai mutum 100 cuta ta kama 20, haɗarin kamuwa shi ne 20 cikin 100, wato ɗaya bisa biyar. Rinjaye kuwa gwama waɗanda suka kamu ake yi da waɗanda suka tsira, wato 20 ga 80, ko ɗaya bisa huɗu. A binciken Landan, rinjayen shan taba tsakanin masu sankara shi ne 647 a raba da 2, watau 323.5. A ɗaya rukunin, 622 a raba da 27, kimanin 23. Idan aka raba na farko da na biyu sai a sami 14. Da a ce babu wata alaƙa tsakanin taba da cutar, da amsar ta tsaya kusa da 1.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a lissafa haɗarin kai tsaye? Dalili shi ne masu binciken su suka zaɓi adadin marasa lafiya da kansu, har rabin mutanensu suka kasance masu sankara, alhali ba haka abin yake a cikin gari ba. A shekarar 1951 wani masanin ƙididdiga a Amurka, Jerome Cornfield, ya nuna cewa idan cuta ba ta yawaita a cikin jama'a ba, ma'aunin rinjaye yakan zo daf da ninkin haɗari na haƙiƙa. Sankarar huhu ta cika wannan sharaɗi.

Inda abin da ake aunawa ya yawaita kuwa, nan ake yin tuntuɓe. A shekarar 1999 wata babbar mujallar likitanci ta Amurka ta buga binciken da aka nuna wa likitoci 720 bidiyon 'yan wasa da suka fito a matsayin masu ciwon ƙirji. Ma'aunin rinjayen tura baƙar fata gwajin jijiyoyin zuciya, idan aka gwama da farar fata, ya kasance 0.6. Nan take jaridu suka baza cewa damar baƙar fata ta gaza ta farare da kashi 40. Alhali an tura kashi 84.7 na baƙaƙe da kashi 90.6 na farare, ratar da ba ta wuce kashi 7 ba idan da haɗari aka auna. Bambancin yana nan, kuma abin damuwa ne, amma an kambama shi fiye da kima.

Ko shi kansa 14 ɗin nan yana bukatar hattara, domin a kan mutum biyu ya jingina. Da waɗanda ba su shan taba cikin masu sankara huɗu ne, da ma'aunin ya faɗo zuwa 7. Wannan ne ya sa masana kan rubuta tazarar amincewa kusa da adadin, kuma idan tazarar ta haɗa da 1, ba a kawar da yiwuwar dace kawai aka yi ba. Haka nan alaƙa ba ta isa hujjar sanadi ba, don wani abu na uku yana iya janyo duka biyun. Saboda haka Doll da Hill ba su tsaya nan ba. A 1951 suka aika wa likitocin Birtaniya takardun tambayoyi game da shan tabarsu, suka shiga bin diddigin fiye da 34,000 daga cikin mazansu, binciken da ya ci gaba har shekarar 2001, ya kuma tabbatar da cewa taba ce ummul'aba'isin cutar.