Ko Kun Sani?

Daga sararin samaniya aka auna tsayin duwatsun Rano da Kibiya. A watan Fabrairun 2000, kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tudu da kwari na galibin doron ƙasa da na'urar rada, wadda gajimare ba ya tare ta. A 2014 aka saki bayanan Afirka kyauta, ma'auni ɗaya a kowace mita 30. Manhajar GDAL, wadda kowa ke da izinin amfani da ita da gyara ta, tana sarrafa waɗannan bayanai da rubutaccen umarni. Layi ɗaya na umarnin gdaldem kan fitar da taswirar gangare, mai nuna inda zaizayar ƙasa ta fi barazana ga gonaki.