Kafin ka tura kuɗin fenti gida: launin da ya dace da zafin Yola da Jimeta

Wannan magana tawa da ku ce, ku da kuke neman abinci a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ko Lokpanta, kuka tara abin da Allah ya hore kuka je gida kuka kafa bulo. Gidan da ba a zama cikinsa sai da Sallah, ko biki, ko in yara sun samu dogon hutu. Ni ɗan Jimeta ne amma a Agege na tashi. Mahaifinmu fataken shanu ne, daga Mubi da Ngurore yake lodi zuwa Abbatuwa ta Oko-Oba. Ni ba mai fenti ba ne, abin da ya same mu ne ya sa na bi kan abin har na ɗan gane shi.

Shekara shida Baba yana ginin gidanmu a Jambutu. Da aka zo fenti sai ya bar wa yayana, Hamma, tunda shi ne mai ido. Hamma kuwa ya ga irin gidajen Lekki a Instagram: bango ruwan toka mai duhu ciki da waje, baƙin kwano, labule mai nauyi, ga 'yan ƙwayaye shuɗɗa a cikin silin. A hoto, wallahi, sai ka rantse otal ne. Muka isa gida saura kwana uku ƙaramar Sallah, wadda ta kama 30 ga Maris 2025. Ranar Sallah baƙi suka zo gaisuwa, ba wanda ya iya minti goma a falon. Baba ya ɗauki tabarmarsa ya koma gindin dogonyaro a ƙofar gida, can ya yi ta karɓar mutane. Gidan miliyoyi, mai gida a waje.

Da yamma ya kira mu. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Ku da kuka tashi a kara, ba ku taɓa ɗora hannu a gadon bayan farar Bunaji da azahar ba, sannan ku ɗora a kan baƙin sa?” Hamma ya ce, “Mun taɓa, Baba.” Ya ce, “To, baƙin sa kuka gina min.”

Gaskiyarsa. Farin abu yana mayar da hasken rana, mai duhu kuma shanye shi yake ya zama zafi. Sabon farin fenti yana iya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, baƙi kuwa ko kashi 10 ba ya mayarwa. A Legas wannan bai cika damun mutum ba, don zafinta na gumi ne, ma'auni da wuya ya wuce 35, ga hadari, ga iskar teku. Yola tana cikin kwarin Binuwai, a Maris da Afrilu ma'auni yana haura 40 kamar wasa. Bulon siminti yana wuni yana shan rana, da dare ya riƙa amayar da ita cikin ɗaki. Shi ya sa ƙarfe ɗaya na dare za ka taɓa bango ka ji shi da ɗumi kamar an sauke tukunya. Kuma ku lura, Sallah tana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2024 ƙaramar Sallah 10 ga Afrilu ta kama, babba 16 ga Yuni. A 2025 babba ta dawo 6 ga Yuni. Wato a 'yan shekarun nan, lokacin da muke zuwa gida shi ne lokacin da garin ya fi ƙuna.

Amma akwai abin da ya kamata a bambance, don ni ma da farko na haɗa su. Fentin waje da launin kwano su ne suke rage zafi na gaske, wanda ma'auni zai nuna. Fentin cikin ɗaki rana ba ta dukansa kai tsaye, don haka ko ka shafe shi fari fat, in waje baƙi ne, zafin zai shigo. Saboda haka in kuɗinka ba za su isa duka ba, fara da waje, musamman bangon yamma, wanda ke bayanka in ka fuskanci alƙibla. Shi ne yake shan ranar azahar zuwa la'asar, kuma ɗakin da ke jikinsa shi ne ba ya kwantuwa. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda zafi ya kashe mutane da yawa a 2010, cikin matakan da hukuma ta ɗauka daga baya har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. Kakanninmu ma da suke shafa farar ƙasa ba don ado kaɗai suke yi ba.

To mene ne amfanin launin ciki? Haske ne da kwanciyar rai. A bazara dole ka ja labule ka rufe taga da rana don kada iska mai zafi ta shigo. In bango mai duhu ne, ɗakin ya zama kogo, sai an kunna ƙwai tsakar rana, wutar kuma kun san halinta. Bango mai haske kuwa ɗan hasken da ya ratso ta gefen labule ya ishe shi. Sannan ido ma yana da nasa zafin. Shiga ɗaki ja ko ruwan goro ko ruwan makuba da ƙarfe biyu na rana, kafin ka zauna ka ji an matse ka.

Da muka zo gyara, ni fari fat na so. Dada, mahaifiyarmu, ta ce sam. Ta ce, “Kai da ba ka shara. Jikoki goma sha za su sauka a gidan nan, kowa da hannun miya.” Kuma ta fi ni gaskiya, don bayan hannun yara akwai ƙura. Gidan da aka kulle tun Yuni, hunturu ya bi ta kansa daga Disamba zuwa Fabrairu, duk yadda ka toshe taga sai ƙura ta shiga. Fari fat yana komawa kamar tsohuwar riga, mai duhu kuma ya fi shi tona asiri, ƙurar tana kwanciya a kansa kamar an barbaɗa gari. Abin da ya fi ɓoye ta shi ne launin da ya yi kusa da ita: ruwan madara, ko ruwan ƙasa mai haske sosai irin na yashin bakin kogi. Shi muka sa a falo da baranda. Silin muka bar shi fari, don shi hannu ba ya kai masa kuma shi ke watsa haske.

Ɗakunan kwana muka yi musu shuɗi mai haske, irin na sararin sama da hantsi, ɗakin Dada kuma kore mai haske da ta zaɓa da kanta. Su ne ido ke ji kamar da sanyi-sanyi. A kula dai, shuɗin da aka cika shi ba ya haɗuwa da farin ƙwan nan na zamani, ɗakin sai ya koma kamar asibiti. Ruwan ɗorawa mai haske yana da kyau a kicin ko ɗakin da taga ɗaya gare shi. Mai son launi mai ƙarfi, irin su Hamma, ba a hana shi ba: ya sa a bango ɗaya tak, na bayan talabijin, ko ya huce a kan filo da darduma da labule, abubuwan da in sun gundure shi zai naɗe ya ajiye.

Labule ma a yi maganarsa. Mai kaurin nan ja ko ruwan makuba da ake yayi, in rana ta buge shi ta gilashi shi kansa murhu yake zama. A nemi wanda bayansa fari ne, ɓangaren da ke kallon waje. Kafet mai rufe ɗaki gaba ɗaya a gidan da ake kullewa wata tara, ma'ajiyar ƙura ce da ƙwari. Tayil mai haske da darduma ta tsakiya ko tabarma sun fi. In kuma gidan amarya za a sa, a tambayi dangin ta launin kujeru da gado tun kafin a sayi fenti, don su ba za su canza kayansu saboda bangonka ba. Ruwan madara ya ƙara cin riba a nan, ba abin da ba ya karɓa.

Sai irin fentin. Na ruwa, emalshan, shi ya dace da ɗaki. Mai araharsa in ka goga da jiƙaƙƙen tsumma biyo hannunka yake. Akwai mai ɗan sheƙi da masu shago ke kira satin, ya fi tsada amma yana wankuwa, shi ya kamata a sa a falo da hanyar wucewa. Fentin mai a bar wa ƙofa da taga da ƙarfe. In aka shafe ɗaki da shi gaba ɗaya, a zafin Yola warinsa yana daɗewa, ƙyallinsa kuma yana gajiyar da ido. Mai ƙurji-ƙurjin nan da ake fesawa kada ya shigo ciki, ƙura ce za ta samu wurin zama. Tsohuwar dabarar makarantu da asibitoci ta raba bango biyu, ƙasa launi mai ɗan duhu da ke wankuwa, sama mai haske, har yanzu tana aiki a gidan yara da yawa.

Waɗanda gidajensu ke kusa da kogi ko a kwari, irin su sassan Jambutu da Rumde, ku duba gindin bango tukuna. Duk wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ya san bango yana riƙe danshi bayan ruwa ya janye. In ka ga farin gishiri-gishiri ko fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, ba launi ne matsalarka ba. A kankare, a gyara filasta, a bar shi ya bushe. Sabuwar filasta tana son kamar mako huɗu kafin fenti, in an yi gaggawa kuɗi ne aka zubar.

Babbar asararmu mu 'yan Kudu ita ce aike. Ka ga launi a waya, ka tura ta WhatsApp, ka ce wa ƙaninka “irin wannan.” Gilashin waya ƙarya yake yi, launin da ke cikinsa daban da na bango. Kowane kamfani yana da katin launuka mai suna ko lamba; je shagon fenti a inda kake, zaɓi a katin, tura sunan kamfanin da lambar. Sannan a sayi ƙaramin galan a shafa faɗin tabarma a bango, a duba shi da safe, da azahar, da dare a ƙarƙashin ƙwai. Fenti yana canzawa in ya bushe, kuma a babban bango ya fi yadda yake a kati ƙarfi, don haka in kana shakka tsakanin biyu ɗauki mai hasken. A sayi bokitan gaba ɗaya lokaci guda, don haɗin yau da na wata mai zuwa ba lallai su zo ɗaya ba. Mai fentinmu na farko ruwa ya yi ta tuttulawa har bokiti uku suka yi aikin biyar, ragowar kuma ba mu gan su ba, shi ya sa a karo na biyu muka ajiye Bappanmu a kan kujera har aka gama. A yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, don bangon da ya ɗau zafi yana busar da fenti kafin ya kama.

Kwanon ne dai har yanzu ba mu taɓa ba, baƙi yake yadda Hamma ya sa shi. Baba ya ce sai bayan kasuwar babbar Sallah, in shanu sun yi kuɗi, za a ga ko fari za a shafa masa ko canza shi za a yi. Bangon waje da na ciki kam an gama, kuma zuwan da muka yi na baya a falo ya karɓi baƙinsa, ko da yake tabarmar tana nan jingine a bayan ƙofa.