Kwana Shida A Ƙasar Da Rana Ke Jinkirin Faɗuwa

'Yan uwana mata, ku idan aka ce bazara zafi kuka sani, mai hana barci a ɗaki. To can ƙuryar arewacin Turai bazararsu ita ce lokacin da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi fure, mutane su fito shan hantsi kamar ƙadangaru. A irin wannan lokaci, watan Mayun 2024, na raka Yayata tafiyar kwana shida zuwa Denmak da Norway.

A Kofanhegan, babban birnin Denmak, muka fara sauka. Ba mu daɗe ba, amma mun je bakin teku mun ga mutum-mutumin 'yar ruwan nan da aka kafa tun 1913. Daga tatsuniyar Hans Christian Andersen aka samo ta: ta bayar da muryarta don a ba ta ƙafafu saboda son wani yarima, shi kuwa gogan naku ya tashi ya auri wata. Masu karatun littattafan soyayya, kun ji fa. Ita kanta ba ta fi tsawon 'yar firamare ba, har Yaya ta ce, "Wai dama ita ke nan?"

Daga nan muka kwana a jirgin ruwa zuwa Oslo, ranar 17 ga Mayu ta same mu a can. Ranar ce suke tunawa da tsarin mulkinsu na 1814, amma ba sojoji ke fareti ba, 'yan makaranta ne! Makaranta bayan makaranta, da tutoci da ganguna, suna bin titin Karl Johan har ƙofar fada, Sarki da iyalinsa na tsaye a saman bene suna ɗaga musu hannu. Da aka fara wannan fareti a 1870 maza zalla ne, sai a 1889 aka bar 'yan mata suka shiga. Shekara 19 suna kallo daga gefe, yau ga su nan cike da titi, har da masu ɗankwali irin namu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kayan jikinsu, bunad suke ce masa. Doguwar riga ce ta ulu, an yi mata aikin hannu, ga farar taguwa a ciki, ga kwalliyar azurfa a ƙirji. Kowane yanki da irin nasa, da ganin budurwa za a gane inda kakanninta suka fito. Yawanci tana 'yar shekara 14 ko 15 ake yi mata, a bar sarari a ɗinkin don a riƙa buɗawa idan ta ƙara jiki. Da shi za ta je biki, da shi za ta je suna, wataƙila ma 'yarta ta gada. Yana da tsada ƙwarai, amma ɗinki ɗaya ne. Ni dai sai na tuna ankon da muke yi kowane wata, mu sa sau ɗaya mu cusa a ƙasan akwati, wata ma bashi ta ci kafin ta yi. Wallahi tasu dabarar ta fi burge ni.

Wani abin mamaki, sai wajen ƙarfe 10 na dare rana ke faɗuwa, kafin ƙarfe 5 ta sake fitowa. Mai jiran duhu kafin ta kwanta ta shiga uku.

Kashegari muka hau jirgin ƙasa muka nufi yamma. A tashar Finse, mai tudun mita 1,222, ƙanƙara muka tarar fara fat kamar an baza auduga. A Myrdal muka sauya wani jirgin da ke gangarawa Flom, tafiyar kilomita 20 ta cikin ramukan dutse har 20. A ƙasa muka iske abin da suke kira fiyod, wato teku ce ta kutso tsakanin tsaunuka ta hanyar da tsohuwar ƙanƙara ta sassaƙe. Muka shiga jirgin ruwa. A wani wurin faɗin ruwan bai wuce mita 250 ba, duwatsu sun tsaya dama da hagu, ruwan narkakkiyar ƙanƙara na zubowa daga samansu. Duk surutuna sai da na yi tsit.

Zangonmu na ƙarshe Bergen ne, garin da ruwan sama ba ya gajiya. A bakin tashar jiragensu akwai jerin tsoffin gidajen katako masu launi-launi, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana cinikin busasshen kifi. Ina shiga kasuwar kifi hancina ya gane shi. Ashe kifin nan mai taurin icce da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, wanda Inyamurai ke kira okporoko, daga Norway yake zuwa. A tsibiran Lofoten ake shanya shi a kan katako, iska mai sanyi ta busar da shi ba gishiri. Da mai sayarwar ta ji daga Nijeriya muke sai ta yi dariya, ta ce ai mu ne manyan masu sayen kawunan.