Jiran Gida: Amana Ce Ko Ƙwadago?

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ma'aikata da dama daga Birnin Kudu da Gwaram suka koma Dutse da aiki, suka bar gidajensu da tumaki da tantabaru a hannun wani ɗan'uwa ko almajiri. Haka maniyyata aikin Hajji su ma kan yi.

Abin da ke damuna, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne sunan da muke bai wa haƙƙin wannan bawan Allah. Ba mu cewa albashi, sai "goro" ko "na sabulu". Waɗannan kalmomin kyauta ne, ita kuwa kyauta ba a raina ta. Amma ranar da tunkiya ta mutu, nan take harshe ya juya: ya ci amana!

Alhali Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta sharɗanta a yanke wa'adi, a kuma ambaci lada, kafin ijara ta inganta. Ga dusa da harawa da kan yi tsada da bazara. Sau da yawa daga aljihun mai jiran gidan kuɗinsu ke fita, maigida kuwa ya dawo masa da tsarabar hula.